Daren da na je kallon kunkurun teku tana saka ƙwai

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Kamfanin yawon buɗe idon da na yi rajista da su sun ce mu hallara a bakin teku ƙarfe takwas na dare, amma sai da muka shafe sama da awa uku zaune a kan rairayi, sauro na ta gallabar mu. Ba wanda ya ce mana mu zo da riga mai dogon hannu. Ga shi an tara mu kusan ashirin a hannun jagora ɗaya, na baya ba ya ko jin abin da ake faɗa.

Shi kam jagoran ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tun kafin mu taka yashi ya hana kowa kunna fitilar waya, ya raba mana tocila mai jan haske. Ya ce farin haske na tsorata uwar har ta koma ruwa ba ta yi ƙwan ba. 'Ya'yan kuwa in sun ƙyanƙyashe, inda ya fi haske suke nufa, wato fuskar teku, sai fitilun otal da na titi su ruɗe su su yi tudu, kaguwa da tsuntsaye su samu nama.

Wajen sha ɗaya da rabi ya haska mana wani sawu mai faɗi da ya fito daga ruwa, kamar tayar tarakta ta bi wurin. Muka bi shi a hankali, muka tsaya nesa har sai da ta gama haƙa rami da ƙafafunta na baya ta fara zuba ƙwai, sannan ya bar mu muka matsa ta bayanta, biyar-biyar. Ƙwan farare ne, zagaye kamar ƙwallon tebur, ɓawonsu mai laushi, shi ya sa ba sa fashewa in sun faɗa kan juna. Takan zuba kusan 100 a rami guda. Ina jin numfashinta, mai nauyi kamar na wanda ya sauke kaya. Wata mata a gefena ta ce, "Wayyo, kuka take yi!" Jagoran ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ba kuka ba ne, gishirin da ya yi mata yawa a jiki take fitarwa ta ido."

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne batun zafin yashi. Ƙwan na yin kimanin wata biyu a binne, kuma ɗumin wurin ne ke sa a samu mace ko namiji: yashi mai zafi ya fi ba da mata, mai sanyi maza. Ikon Allah ke nan.

Tocilar da aka ba ni ta mutu tun kafin ta gama rufe ramin, sai na laluba na bi mutane. Wani kuma ya saci jiki ya ɗauki hoto da filasha, jagoran ya yi masa faɗa mai kyau, kuma ya yi daidai.

Zan sake zuwa, amma sai na tambayi yawan mutanen da ke cikin ayarin tukuna, in tafi da tocilata da maganin sauro. Mai ƙananan yara ya yi tunani, don jiran ba na wasa ba ne, kuma sun gaya mana tun farko cewa akwai daren da ba ko ɗaya da ke fitowa.