Wuƙar Aljihu: S30V ko 8Cr13MoV?

Dukansu nau'in ƙarfen wuƙa ne da ba ya saurin tsatsa, amma a bakin wuƙa halinsu ya sha bamban. S30V, wanda kamfanin Crucible na Amurka ya fitar, yana da sinadaran kabon kashi 1.45, kuromiyam 14 da banadiyam 4 cikin ɗari. Banadiyam ɗin ne sirrinsa: yana haɗuwa da kabon ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri, shi ya sa za ka yini kana yankan kwali da igiya kaifin bai dakushe ba.

Sai dai ranar wasawa za ka gane kurenka. Ƙwayoyin nan sun fi dutsen washi na yau da kullum tauri, sai ka yi ta gogawa ba ci gaba. Dutse mai garin daimon yake so. Kuma kada a sirance bakin fiye da kima. Wasawa a kusurwar digiri 17 zuwa 20 kowane gefe ta wadatar, domin in ya yi siriri ya gamu da ƙashi ko waya, ɓantarewa yake yi, gyaran kuwa sai an ci ƙarfe da yawa.

8Cr13MoV na ƙasar Sin kabon ɗinsa kusan kashi 0.8 cikin ɗari ne. Yana saurin dakushewa, bakinsa kan lanƙwashe maimakon ya ɓantare, amma kowane dutse na dawo da shi cikin 'yan mintuna.

Mai yanka kullum da ke da dutsen daimon ya ɗauki S30V. Wanda ba shi da shi, gara ya tsaya a kan 8Cr13MoV mai araha. Kowanne ka zaɓa, ka goge ruwan gishiri da na lemun tsami nan take, don duka biyun suna iya yin ɗigon tsatsa.