Wace Kyamara Ta Dace Da Matafiyi Mai Ɗaukar Hoton Tsuntsu A Sama?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dausayin Haɗeja da Nguru yakan cika da agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da suka guje wa sanyin Turai suka ƙetaro Sahara, su gauraya da dinya da zalɓe da balbela na gida. Wanda ya yi niyyar zuwa can, ko Yankari, ko dajin Amurum da ke kusa da Jos, domin ya ɗauki hotonsu suna shawagi, ya sani cewa mai kanti zai fara yi masa tallar nisan da kyamara take jawowa, alhali abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne saurin da take kama tsuntsu ta riƙe shi tar yana tafiya.

Masu ƙaramin jari sukan fara duba kyamarar da gilashinta yake haɗe da jikinta, irin su Nikon P950, wadda take jawo abu har ninki 83 kuma nauyinta bai fi kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ga tsuntsun da ya sauka a kan reshe ko bakin tafki ba ta da laifi ko kaɗan, domin za ta nuna maka launin bakinsa da zanen fiffikensa daga nesa. Amma da zarar ya tashi sai rauninta ya bayyana. Idan an jawo ta har ƙarshe, neman tsuntsu a cikinta kamar leƙen sama ne ta kafar allura, kuma ko an same shi, kafin ta daidaita ya wuce. A wannan jinsin Sony RX10 IV ce ta fita daban, saboda tana bin abu mai motsi sosai, tana kuma ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa guda, sai dai tsadarta ta kusa kamo ta manya.

A ganina, wanda da gaske tashin tsuntsu yake nema ya tara kuɗinsa ya sayi kyamara marar madubin ciki wadda ake sauya wa gilashi. Canon R7, wadda ta fito a 2022, tana gane dabba da tsuntsu da kanta ta liƙe wa idonsa, kuma idan aka ɗaura mata gilashin RF 100-400 duka biyun ba su kai kilo ɗaya da rabi ba. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda zai wuni a kwalekwale hannuwansa a ɗage, ko wanda zai hau jirgin da ya ƙayyade jakar hannu a kilo 7. Aibin gilashin shi ne yana son haske mai yawa, don haka da sanyin safiya, musamman idan hazo ya sauka, hoton yakan fito da ɗan dishi-dishi, tunda tsayar da bugun fiffike yana bukatar saurin ɗauka na wajen kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa.

Akwai kuma ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita. Nikon D500 ta 2016 har yanzu gwana ce wajen bin tsuntsu, amma ita da gilashin 200-500 sun haura kilo 3. Kafin a biya, a duba yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, domin an ƙera ƙyaurenta, wanda yake buɗewa ya rufe a duk ɗaukar hoto, ya jure kimanin sau 200,000, sannan a haska cikin gilashin da fitila ko ya yi fumfuna.

Lokacin da baƙin tsuntsayen suke nan shi ne lokacin hunturu, kuma ƙura tana shiga duk inda aka buɗe. Saboda haka a ɗaura gilashi ɗaya tun daga masauki, kada a kwance shi a fili, a kuma tanadi batir biyu ko uku, tunda ba kowane ƙauye ake samun wutar caji ba.

Game da gane tsuntsun, madubin hangen nesa mai lamba 8x42 yana gaba da komai, domin ido ne yake fara tantance siffa: zalɓe yana naɗe wuyansa idan ya tashi, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke yi, shirwa kuma wutsiyarta mai baki biyu ce take tona ta. Hoto yana zuwa ne ya tabbatar, shi ya sa ake ƙara wa kyamara haske mataki guda idan an ɗaga ta sama, in ba haka ba ƙarƙashin fiffiken zai fito baƙi ƙirin, alamomin su ɓace. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell kyauta ce, tana kuma kawo sunayen da take zato daga hoto, amma a sauke bayanan tsuntsayen yankin a waya tun ana gari, kafin a shiga inda babu intanet.