IUI ko IVF a shekara 39? Ki tafi IVF, 'yar'uwa

'Yar'uwa, kin ce shekararki 39, kina neman haihuwa, kina tambaya ko IUI za ki yi ko IVF. Tunda likita ya bar miki zaɓi, ni dai na zaɓar miki: ki tafi IVF kai tsaye, wato a haɗa ƙwanki da maniyyin maigida a ɗakin gwaji, sannan a dasa ɗan tayin a mahaifa. Na bi hanyoyin biyu, kuma abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne watannin da na zubar.

Ina da shekara 38 muka fara da IUI, wato a wanke maniyyin maigida a zuba shi cikin mahaifa lokacin da ƙwai ya nuna. Ya fi araha, sai muka ce mu fara da mai sauƙi. Sau uku, babu labari. Tsakanin hutu da tara kuɗi da azumi, wata 14 suka wuce. Ba zan ce ba shi da amfani ba. Ga yarinya mai ƙuruciya wadda bututun mahaifarta a buɗe yake, yana iya yi. Amma tsakanin 35 da 40 nasararsa wajen kashi 10 cikin 100 ce a kowane gwaji, bayan 40 kuwa ba ta kai kashi 5 ba.

Matsalarmu ƙwai ne. Da ƙwanta ake haihuwar mace, miliyan 1 zuwa 2, kuma ba ya ƙaruwa. Kafin ta kai 37 saura wajen 25,000, sauran ma da yawa ƙwayoyin halittarsu sun sami tangarɗa, shi ya sa ciki ke ƙin kamawa, ko ya kama ya zube. Alƙaluman Birtaniya na 2019 kan IVF sun nuna a duk ɗan tayin da aka dasa, haihuwa kashi 32 ce ga 'yan ƙasa da 35, kashi 19 ga masu 38 zuwa 39, kashi 11 ga masu 40 zuwa 42, sannan kashi 5 ga masu 43 zuwa 44. Ki dubi tazarar da ke tsakanin 19 da 11. A bakin wannan gaɓar kike tsaye. An kuma yi bincike a Amurka, aka wallafa a 2014, kan mata masu 38 zuwa 42: waɗanda aka fara musu da IVF sun fi samun ciki da wuri kan waɗanda aka fara da IUI.

Nawa IVF ɗin ina dab da cika 40 aka yi. Kwana 11 ina shan allura a ciki, maigida ne ke yi mini bayan sallar isha'i, hannunsa na rawa. An ciro ƙwai 7, 4 suka haɗu da maniyyi, 2 kacal suka kai kwana biyar. Na farko bai zauna ba, na sha kuka kamar raina zai fita. Na biyun da aka daskarar, shi ne yarinyar da ke barci kusa da ni yanzu. Ranar da na ji bugun zuciyarta a na'ura, ban iya cewa komai ba sai Alhamdulillahi. Haihuwa ta Allah ce, wata za ta yi sau uku ba ta dace ba, don haka ki shirya zuciyarki da aljihunki.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da macuta. Asibitin da ya ce miki nasararsa kashi 70 ce, ki tambaye shi: jarirai nawa aka haifa a raye ga mata masu shekarunki, kuma da ƙwansu na kansu? Wasu suna cusa lissafin ƙwan aro na 'yan mata. Malamai sun halatta mana IVF ne da sharaɗin ƙwan matar da maniyyin mijinta, cikin igiyar aure, don haka a rubuta miki wannan a takarda. Sannan duk wanda ya ce kina da ciki amma kada ki yi hoto a wani asibiti, wai ɓoyayyen ciki ne, ki gudu. BBC ta bankaɗo irin wannan damfara a jihar Anambra a 2024, inda ake karɓe wa mata kuɗi masu yawa, daga ƙarshe a miƙa musu jaririn wata. Masu tallan jiƙo a Facebook kuwa, watanninki za su cinye.

Makon nan ki je a yi miki gwajin jini na AMH (mai nuna yawan ƙwan da ya rage miki) da hoton ƙirga ƙwai, shi ma maigida a duba maniyyinsa. Allah Ya kawo rabo mai albarka.