Motovun ko Grožnjan: Wanne Za Ka Ziyarta?

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna yankin Istiriya na ƙasar Kuroshiya, kowace a kan tudu, kusa da kwarin kogin Mirna. Idan yini ɗaya gare ka, sai ka zaɓa.

Motovun ta fi suna. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanenta sun ɗan haura 1,000, a garin da ƙauyuka uku: Kaldir, Brkač da Sveti Bartol. Ta shiga hannun Jamhuriyar Banis (birnin Venice da ke Italiya a yau) a 1278, har yau ganuwarta na tsaye, mutum ya bi samanta yana hango gonakin inabi. A dajin da ke gindin tudun ake sakin karnuka su shinshino wani naman kaza mai tsada da ke girma cikin ƙasa. Mario Andretti, zakaran tseren motoci na 1978, nan aka haife shi. Sai dai lokacin zafi cunkoson baƙi ba a magana.

Ni kam Grožnjan ta fi kwanta mini. Mutum 736 kacal aka ƙirga a 2011, akasarinsu da Italiyanci suka tashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mazauna da yawa sun yi ƙaura zuwa Italiya, garin ya kusa zama kufai. A 1965 masu zane suka fara tarewa a gidajen da aka bari, makaɗa suka biyo baya. Yanzu kana ratsa lungu mai daɓen dutse, sai ka ji ɗalibi yana gwajin goge ta taga.