Wani ofishin kwantabul a Zangon Damagaram da aikinsa kan kadarorin kamfani

A Zango akwai wani ƙaramin ofishin kwantabul da ke haɗa wa ƴan kasuwa bilan na ƙarshen shekara, wato takardar da ke nuna dukiyar kamfani da bashin da ke kansa. Inda hannunsu ya fi faɗawa shi ne lissafin kadarori masu daɗewa: fili, gini, injuna, motoci.

A SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni da Nijar ke bi, wanda sabon zubinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, kowace kadara adadi uku take da shi a bilan: kuɗin saye, abin da aka zaftare na tsufa, wato amortisma, sai ragowar da ake kira net. Ɗauki kamiyo na sefa miliyan 20 da aka yanka masa shekara 5. Duk shekara miliyan 4 ke fita, bayan shekara 3 net ɗinsa miliyan 8. Sukan zaunar da mai kaya su ce, "Alhaji, wannan 8 ɗin ba kuɗin kasuwa ba ne." Gaskiyarsu, don dillali na iya taya 12, yana iya taya 5.

Abin da ya fi cancantar yabo, faktir kaɗai ba ta isar su. Suna takawa har ma'aikata, su goge ƙurar farantin da ke jikin inji, su karanta lambarsa, su gwada da rajista. Ta haka ake kama janaretan da aka sayar tun bara amma yana nan a takarda yana kumbura net. A kuɗin saye suna haɗa dako daga Kano, kuɗin duwan da ladan mai girkawa, su cire TVA, harajin saye na kashi 19 cikin 100, in wadda kamfani zai iya maidowa ce. Gidan da aka saya a kuɗi guda kuma sai sun raba shi biyu, fili a asusu na 22 na tsarin SYSCOHADA, gini a na 23, domin filin gini ba a zaftare masa komai. Injin da aka kunna 1 ga Oktoba, na wata uku kawai suke cirewa a shekarar farko.

Aibinsu, shekaru iri ɗaya suke yanka wa kusan kowane inji. Injin niƙa da ke kwana yana aiki cikin ƙura da zafin bazara, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, ba zai kai wanda ake kunnawa sau biyu a mako ba. Injin da ya lalace kafin lokacinsa ma, rage masa daraja a asusu na 29 sai ka tuna musu.

Ga kuma jinkiri. Doka ta ba da wata huɗu bayan rufe shekara don a kammala bilan, saboda haka a Afrilu ofishin cike yake, waya ma da ƙyar ake ɗauka. A kai musu faktir, takardun duwan da katin mota tun Janairu.