Gargaɗi: Buroshin kwalliya na jabu da ake tallatawa a intanet

'Yan'uwa mata, a yi hattara da masu tallan saitin buroshin hoda da fandeshan da hotunan da ba nasu ba. Salon damfarar kusan ɗaya ne. Su ɗauko hoton kayan wani babban kamfani, su ce saiti ne mai guda 24 ko 32, ragi ya kusa ƙarewa, kuma sai an biya kafin a aiko. Wasu da kuɗi ya shiga sai su toshe lambarki. Wasu za su aiko, amma sunan kamfanin kawai aka buga a jikin mariƙin, sauran duk tarkace ne.

Kafin ki biya, ki nemi ɗan bidiyo: mai sayarwa ya riƙe buroshin kusa da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar, ya murza gashin da yatsa, ya nuna zoben ƙarfen da ya haɗa gashi da mariƙi. Wanda kayan ke hannunsa ba ya ƙin wannan. Wanda ya fara kame-kame, ki bar shi.

Idan kaya sun iso, ki duba kafin su taɓa fuskarki. Riƙe zoben ƙarfen ki ɗan juya mariƙin. In ya yi motsi ko ya yi ƙara, gam ɗin ba ya da ƙarfi. Ja gashin a hankali sau uku. Sabon buroshi mai kyau yakan zubar da sili ɗaya ko biyu a farko, sannan ya daina. Na jabu kullum sai kin tsince gashi daga kumatu. Shafa shi a cikin wuyan hannunki, inda fata ta fi laushi. In ya soke ki, datse bakin gashin aka yi da almakashi don a ba shi siffa, ba a bar shi da siririn tsininsa ba, kuma irin wannan ne ke kawo jan fata da ƙaiƙayi. Daga nan ki wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ki matse a farin ƙyalle. Rini da ke ci gaba da fita bayan wanki biyu, ko warin gam da ya ƙi tafiya, sun isa hujja.

Ki yi hattara kuma idan aka ce buroshi ɗaya na yin hoda da fandeshan duka, don galibi kowanne da irin nasa. Na hoda babba ne, gashinsa dogo, sako-sako, don ya ɗauki hoda kaɗan ya baza ta. Na fandeshan mai ruwa gajere ne, a cike tam, kuma mai gashin roba, wato nailan, ya fi, domin gashin dabba yana da ɓawo-ɓawo a jikinsa da ke shanye ruwan, ya ci miki kaya, ya yi wuyar wankuwa. In kin danna na fandeshan a tafin hannu kika ga tsakiyarsa ta buɗe, an rage masa gashi, zai bar miki layi-layi a fuska.

Wasu kuma su sayar da nailan da sunan gashin akuya don su tsauwala kuɗi. Cire sili ɗaya ki kai shi bakin ashana: na roba narkewa yake ya dunƙule, gashin dabba kuwa ya ƙone ya zama toka da ƙaurin gashi. Nailan ba aibu ba ne, ƙaryar ce aibu.

Ki ɗauki bidiyo lokacin buɗe kunshin, ki adana hoton tallan da hirarku da shaidar biya. Da su za ki kai ƙara wajen bankinki ko manhajar da kika saya, kuma ki yi hakan da wuri, don galibi akwai wa'adin mayar da kaya.