Sharhi: Fitilar LED mai wat 30 a kan ƙaramin tankin murjani a Zariya

Ga mai son amsa a taƙaice: fitilar ta yi aikinta. Idan tankinka bai wuce lita 60 ba, kuma da murjani mai laushi za ka fara, ba ka buƙatar wadda ta fi ta tsada. Tana da aibi biyu da suke damuna, zan zo kansu, amma ba su kai in ce kada a saya ba.

Tankina na gilashi ne, santimita 40 ta kowane ɓangare, yana falo a gidanmu da ke Samaru. Abin da ke ciki bai da yawa: duwatsu, yashi, kifi biyu irin masu ruwan lemo da farin zane, sai 'yan gutsattsarin murjani mai rai, wato zowantus da irin masu faɗi kamar laimar kwaɗi. Fitilar irin ƙananan nan ce 'yan China, mai hannu da ake maƙalawa a bakin gilashi. Layin haske biyu gare ta, shuɗi da fari, kowanne ana ƙara shi ana rage shi daban. Daga Legas aka sako min ita a mota, domin da na zaga shagunan kayan wuta a Sabon Gari da PZ, farare na ɗaki kawai na samu.

Wani zai ce to me ya hana a sa farin ƙwai na ɗaki a huta? Dalilin yana jikin murjanin ne. Dabba ce, amma a cikin namanta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gansakuka da ke haɗa abinci da haske kamar yadda ganye ke yi, suna ba ta har kusan kashi 90 cikin 100 na abin da take rayuwa da shi. Ruwan teku kuwa jan haske yake fara haɗiyewa tun a mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa. Saboda haka waɗannan gansakuka da shuɗi suka fi amfana, musamman wanda ke tsakanin nanomita 440 zuwa 470 (nanomita ma'auni ne da ake bambance launukan haske da shi). Farin ƙwai na ɗaki yana da shuɗi a cikinsa, sai dai bai kai yadda ake so ba, kuma a tankin gishiri koren gansakukan da ba ka gayyata ba su ne suka fi jin daɗinsa. Wannan fitilar tawa mafi yawan ƙwayayenta shuɗaye ne, har da 'yan ƙalilan masu ruwan makuba. Da yamma idan farin ya mutu shuɗin ya rage, zowantus ɗin kan ɗauki wani kore da ruwan goro mai ƙyalli da ba ka ganinsa da rana. Yarana wannan lokacin suke jira.

Abu ɗaya nake roƙon duk mai farawa ya riƙe: kada ka auna ƙarfin fitilar da idonka. Idon ɗan Adam kore ya fi gani, shuɗi kuwa dishi-dishi yake yi masa ko da yana da ƙarfi sosai. Shi ya sa adadin lumen da ake rubutawa a kwali ba ya gaya maka komai a nan, don da idon mutum aka tsara ma'aunin. Masu kiwon murjani da PAR suke aiki, wanda ke ƙirga hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, wanda tsiro ke iya amfani da shi. Murjani mai laushi yana zama lafiya a PAR 50 zuwa 100 ko sama kaɗan, masu ƙashi da reshe irin akrofora kuma suna neman 200 zuwa 350. Na'urar auna PAR ta fi fitilar tawa tsada nesa ba kusa ba, don haka ni murjanin nake kallo. Idan ya ƙi buɗewa ko launinsa ya fara koɗewa, haske ya yi masa yawa. Idan ya koma ruwan ƙasa yana miƙo wuya sama, bai ishe shi ba. Na fara da kashi 30 na ƙarfin shuɗin, ina ƙarawa kaɗan kaɗan duk mako, yanzu na tsaya wajen kashi 60, farin kuma ƙasa da haka sosai. Awa 9 take yi a kunne, tana sama da ruwa da kamar santimita 20. Zowantus ɗin yana ta fitar da sababbin kawuna, wannan ita ce shaidar da nake da ita.

Na duba wasu kafin in tsaya a kanta. AI Prime 16HD kowa na yabonta, da waya ake sarrafa ta, amma kuɗinta ya haura dala 200, kuma duk mun san yadda dala take da naira. Akwai kuma manyan nan masu araha da ake kira baƙin akwati, waɗanda ake rubuta wa wat 165 saboda ƙwayaye 55 ne masu wat 3 kowanne, alhali wutar da suke ja a zahiri wajen wat 100 ce. Suna raya murjani, babu musu, amma a kan tanki mai santimita 40 sun yi yawa. Ga lissafin da ya yanke min hukunci: wat 100 na awa 9 wat-awa 900 ne, wat 30 kuwa 270 ko da ka ƙure ta. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 wat-awa 1,200 yake ɗauka a takarda, kuma idan na ruwa ne rabin haka kawai ake so ka ci don kada ya mutu da wuri. Duk wanda ke rayuwa da inbata da sola a garin nan ya san abin da wannan bambancin yake nufi.

Na kai fitilar tawa wajen mai gyaran wutarmu ya auna min kafin in ɗora. Ya ce, "Malam, ba su yi maka ƙarya ba, ta kusa talatin ɗin. Amma ka haɗa adaftar da abin kare wuta, don ranar da aka kawo ta da ƙarfi ita za ta fara tafiya." Na bi shawararsa.

Aibi na farko shi ne babba. Tana da agogo a jikin abin sarrafa ta, wanda ke kunna ta a hankali da safe ya kashe a hankali da dare. Tsari ne mai kyau, amma agogon ba shi da batir. Da an ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido ne, sai ya manta lokaci, ya fara ƙirga daga sanda wutar ta dawo. A ƙasar da wuta ba ta yankewa ba wanda zai lura. A nan kuwa za ka farka ƙarfe biyu na dare ka tarar falo ya yi shuɗi, kifi suna ta yawo. Murjani yana son lokacinsa ya zama ɗaya kullum. Maganin da na samu shi ne na mayar da ita layin inbata, na kuma sayi taima ta dijital mai ɗan batir a ciki, wato na'urar da ke kunna wuta ta kashe a lokacin da ka saita. Taima mai juyawa ba za ta yi ba, ita ma tsayawa take idan babu wuta. Sa'ar da aka yi, fitilar tana tuna ƙarfin hasken da ka saita, lokacin kawai take mantawa. Ka tambayi mai sayarwa wannan kafin ka tura kuɗi.

Na biyu, ƙusar da ke riƙe hannun ta fara tsatsa da wuri. Feshin ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe mara kyau. Na canza ta da ta roba.

Ƙurar hunturu ma tana taruwa a 'yar fankar da ke jikin fitilar har ka ji ƙarar ta canza, amma wannan ba laifinta ba ne, buroshi mai laushi ya wadatar. Inda ta burge ni shi ne lokacin bazara. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, a Maris da Afrilu kuwa zafin Zariya kan doshi 40. Zafi ne ke sa murjani ya kori gansakukan jikinsa ya yi fari fat, abin da ya faru da babban shingen murjani na Ostiraliya a 2016, kuma haske mai ƙarfi a kan ruwan da ya ɗumama yana ƙara tsananta abin. Wannan fitilar ba ta ƙara wa ruwa zafin da za ka ji a ma'auni. Duk da haka a watannin nan ina rage ta kaɗan, in sa fanka tana busa saman ruwan, in riƙa cike abin da ya ƙafe da tataccen ruwa mara gishiri, tunda ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan.

Idan wuta ta daɗe ba ta zo ba kuma batir ya yi ƙasa, fitilar nake fara kashewa. Murjani yana jure kwana biyu ko uku a duhu, amma idan famfon da ke juya ruwa ya tsaya, cikin awoyi iskar ruwan za ta ragu, kifi su fara galabaita.

Kuma idan a makonnin farko ka ga wani abu kamar gansakuka mai ruwan ƙasa-ƙasa ya rufe yashi da gilashi, kada ka ɗora wa fitilar laifi ka je sayen wata. Kusan kowane sabon tanki sai ya bi ta wannan, yana wucewa da kansa. Wanda burinsa akrofora ne, ko tankinsa ya kai santimita 60 a tsawo, wannan fitilar ba za ta ishe shi ba, gefe da gefe za su zauna a inuwa, sai dai ya sayi biyu ko ya tara kuɗin babba.